Ba Saran Barandami Ba Ne

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina, kuna maimaita abin da tsofaffin unguwa suka gaya muku, wai kakanku mutum ne mai taurin zuciya, wai shi da bakinsa ya sa aka ɗaure ɗansa a zamanin Turawa. To, ɗan nan dai ni ne, kuma ga ni da raina, saboda haka ku bar jin ta bakin wasu. Gaskiya ne maganarsa ce ta kai ni gidan yari. Amma wanda ya ba ku wannan ya tsaya, wallahi ya zalunci bawan Allah. Sai dai kafin in shiga labarin, dole in gaya muku mene ne barandami, don na lura yawancinku ba ku taɓa riƙe shi ba. Ku in an ce barandami, sai ku tuna 'yan tauri da masu neman faɗa a kasuwa. Kayya! Mu a wurinmu kayan aiki ne, kuma a gidanmu ake ƙera shi.

Barandami ɗan'uwan gatari ne, amma aikinsu ba ɗaya ba. Gatari gajeriyar ƙota gare shi, bakinsa ƙarami ne mai kauri da nauyi, an yi shi don ya nutse cikin gindin itace ya kayar da shi. Shi kuwa barandami ƙotarsa doguwa ce, wata ta kai kafaɗar mutum, wata ta wuce. Bakinsa da faɗi, ba kauri, an ɗan lanƙwasa shi. Mutum yana tsaye a ƙasa, ko ya ɗan hau, sai ya miƙa hannu ya zabge reshe da sara ɗaya ko biyu, ganye ya zubo wa dabbobi, itacen kuma ya zauna da ransa ya sake toho. Baba yakan ce a zamanin kakansa, lokacin yaƙe-yaƙe, masu tafiya a ƙasa ne ke riƙe shi don su kai ga wanda ke kan doki. Da ƙasa ta kwanta sai ya koma hannun makiyaya da mafarauta. Asalin sunan kuwa, na bi shi na gaji. Na tambayi Fulani, suka ce a bakin Hausawa suka ji shi. Na tambayi wani malami a Boɗinga, ya ce shi dai bai gan shi a Larabci ba. Da na tambayi Baba, dariya ya yi, ya ce shi ƙira aka koya masa, ba raɗa suna ba, kuma haka kakansa ya tarar ana kiransa. A gidanmu har tsokana ake yi da kalmar. Duk yaron da ya yi tsawo ba jiki, sai Inna ta ce ga ƙotar barandami nan tafe.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma Baba ne maƙerin da ake ji da shi a wannan yankin. Daga Dingyaɗi ma ana zuwa wurinsa. Ni ne ɗansa na fari. Shekarar da nake ba ku labari, ba a daɗe da dawowar sojoji daga babban yaƙin Turawa ba, ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi aure, mahaifiyarku Dije tana da tsohon ciki. A lokacin hukuma ta riga ta shata daji a yammacin garinmu ta ce gandu ne. Abin da muka fahimta shi ne makiyayi yana iya shiga ya zabgi reshe, amma duk wanda ya kayar da ɗanyen itace a ciki, ɗauri ne. Akwai malamin daji da ke zagayawa da wani dogari don tabbatar da haka.

Mu kuwa maƙera ba mu da abinci sai gawayin kirya, don shi ne ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi laushi. Bazara ta shigo, manoma sun cika maƙera kowa yana son a gyara masa kalme, wato fartanya, da gatari kafin ruwa ya sauka, gawayinmu kuma ya kusa ƙarewa. Baba ya ce in ɗauki jakai biyu in nufi wajen Kajiji, inda ake samun busasshiyar kirya, in ƙona in kawo. Tafiyar da aikin sukan ci kwana biyar ko shida. Ni kuwa ga zafin rana, ga Dije ta yi nauyi, ga kuma lalaci, don ba zan ɓoye muku ba, akwai shi. Na san wata kirya matashiya a bakin gandun nan, ba nisa. Ranar kasuwar Shagari, da garin ya watse, na ɗauki gatarin gidanmu na je na kayar da ita. Na daddatse manyan rassan na kwashe a jakai zuwa wani kwari bayan gonata, na bar kututturen da kan itacen da ganyensa a nan. Na tara, na rufe da ƙasa, na sa wuta. Kwanakin nan a bukkar gona na yi su, da rana in leƙo Dije ta bayan gida. Da gawayi ya yi na shigo gari da jakaina ina ta nishi kamar wanda ya sha tafiya.

Baba ya zuba gawayin a wuta, ya ji yana tartsatsi yana hayaƙi. Ya ɗauki ɗaya ya karya, ya sansana, ya dube ni.

“Wanga gawayi, ina kas samo shi?”

“Wajen Kajiji, Baba.”

“Kajiji,” ya ce. “To.”

Ni kuma na ce a raina shi ke nan, na sha.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, wata tsohuwar Bafulatana ta shigo maƙera ba ko sallama, ta zube a gaban Baba. Uwar Sambo ce. Sambo makiyayi ne da ke zaune a rugar da ke gefen garinmu, mutum shiru-shiru, kuma rabin shanun da ke hannunsa na mutanen gari ne da aka ba shi kiwo. Ba shi da ɗa namiji, sai 'yan mata ƙanana biyu da matarsa da wannan tsohuwa. Abin da ya faru shi ne, ya bi da shanunsa ta bakin gandu ya tarar da kan kiryar nan a ƙasa, sai ya tsaya yana kakkaɓe musu sauran ganye da barandaminsa. A haka malamin daji ya same shi: ga itace a kwance, ga mutum da ƙarfe a hannu. Aka sa masa igiya aka wuce da shi garin hakimi, aka ce jibi za a kai shi gaban alƙali. Ku da ba ku yi kiwo ba ba za ku gane nauyin wannan ba. Ƙarshen bazara ne, ciyawa ta ƙare ƙaf, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Abin da ke tsakaninsu da mutuwa shi ne mutum ɗaya da zai hau gawo ya zabgo musu ganye, ya kuma ja musu ruwa a rijiya. In aka ɗaure Sambo wata uku ko huɗu, ba zai dawo ya tarar da garke ba.

“Kai kaƙ ƙera mai barandamin ga,” in ji tsohuwar, da Hausarta mai karyewa. “Kai ka sani ba ya kada icce. Ka gaya musu.”

Baba ya ajiye masaba, ya wanke hannu, ya sa hularsa. Ya ce mini, “Tashi mu tai.” Muka tafi, shi a gaba ni a baya. Da muka isa ya tsuguna a gaban kututturen ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsansa cikin saran yana shafawa, ya koma wani saran ya shafa, ya koma na uku. Ni na san abin da yake taɓawa. Gatarin gidanmu yana da ɗan giɓi a baki, tun ranar da na sari dutse da shi, Baba ya yi ta cewa in kawo a gyara ina cewa gobe. Duk inda gatarin ya shiga sai ya bar ɗan siririn layi a tsaye a jikin itacen. Ga layin nan a kowane sara, ko makaho ya shafa zai ji.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Jibi ina zuwa gaban alƙali. In ka riga ni magana, ya hi min daɗi. In ba ka yi ba, ni za ni yi.”

Da labari ya shiga gida, kai, ranar an yi ta. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. Ta tsaya a tsakar gida da muciya a hannu tana magana don maƙwabta ma su ji.

“Malam, kana da hankali kuwa? Bahillace ya hi ɗanka? Ga yarinya ta kusa haihuwa, ga ruwa tahe, wa zai noma gonatai? Icce na hwa! Icce guda! Tun kakanninmu muna saran icce, ba wanda yat tambaye mu, sai yanzu da anka zo da takarda?”

“Maganarki gaskiya ta,” in ji Baba. “Ni ma dokag ga ba ta yi min daɗi ba. Amma ba doka ta ad damuwata ba. Mutum na anka ɗaure kan abin da bai yi ba, kuma na sani.”

Ƙanensa, Baba Ƙarami, wanda ya fi shi wayon zaman duniya, ya kawo dabara. Ya ce Yaya, ai ba sai ka kai ga suna ba. Ka je ka nuna musu ba saran barandami ba ne, a saki Sambo, ka yi shiru ka dawo gida, kowa ya huta. Wallahi ni da nake sauraro daga bakin ɗaki sai na ji kamar an sauke mini kaya. Baba ya girgiza kai. Ya ce in ya nuna gatari ne, dole a tambaye shi na wa, don kowa ya san gataran yankin nan daga hannunsa suka fita. In ya ce bai sani ba ya yi ƙarya a gaban shari'a, kuma gobe malamin daji zai kama wani mai gatari ya sa masa igiya, a sake komawa gidan jiya. Da na shiga ɗaki sai Dije ta ce mini a hankali, “Ka hwaɗi da bakinka mana, ya hi.” Na daka mata tsawa na ce ba a sa da ita ba. Wannan tsawar har yau ina jin kunyarta.

Ranar shari'a muka yi sammako. Baba ya sa an datso ɓangaren kututturen, ya ɗora a jaki, ya ɗauki gatarin ya naɗe a buhu. Zauren alƙali ya cika. Ga Sambo a zaune a ƙasa, ya sunkuyar da kai, ga barandaminsa an jingine a bango. Malamin daji ya faɗi abin da ya gani, kuma bai ƙara komai a kai ba, abin da ya gani ya faɗa. Alƙali ya tambayi Sambo, ya ce shi a kwance ya tarar da itacen. Aka ce wa zai shaide shi, ba kowa. Alƙali ya ce ko akwai mai magana. Baba ya waiwayo ya dube ni. Ya jira. Ina jin idonsa a kaina, ni kuwa na ƙura wa tabarma ido, na ce a raina ai ba zai iya ba, uba ne. Sai na ji motsinsa ya matsa gaba ya durƙusa.

“Allah shi gafarta malam, ni maƙeri na. Barandamin ga ni niƙ ƙera shi. In an yarda, ina son a gwada shi ga iccen ga a gaban kowa.”

Alƙali ya yarda. Aka fito da guntun kututturen ƙofar zaure, aka ba dogari barandamin, ƙato ne mai ƙarfi. Ya ɗaga ya sara. Ƙarfen ya yi tsalle ya dawo, ya bar ɗan tsagi mai tsawo marar zurfi. Ya sake, haka. A na uku bakin barandamin ya lanƙwashe. Kirya ba wasa ba ce. Baba ya ce a duba saran da ya kayar da itacen, gajere ne mai zurfi, faɗinsa bai wuce yatsa uku ba. Ya kama hannun malamin daji da kansa ya sa yatsansa a kan layin nan. Sa'an nan ya kwance buhu ya fito da gatarin, ya sara sau ɗaya a gefe, ya ce a gwada. Layi ya zo daidai da layi.

“Gatarin wa ne?” in ji alƙali.

“Na gidana na, Allah shi gafarta malam.”

“Kai ka sare?”

“A'a.”

“To wa?”

Nan sai na gaya muku wani abu da ku 'yan yanzu kuka yar. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. “Kai” yake ce mini, in yana magana da wasu ya ce “yaron ga”. Ranar ma haka ya fara, ya ce yaron gidana ne. Alƙali ya ce shari'a ba ta san yaro ba, suna take so, don magatakarda ya rubuta. Baba ya ɗago kai ya dubi alƙali.

“Ummaru,” ya ce. “Ɗana Ummaru.”

Wannan shi ne karo na farko da na ji ya kira ni, kuma bai sake ba har ya bar duniya. Alƙali ya tambaye ni, na ce haka ne, don babu sauran abin musu. Aka kwance igiya daga ƙugun Sambo aka ɗaura a nawa. Wata huɗu aka yanke mini. Sambo ya zo ya tsaya gaban Baba, Baba ya ce masa ya yi sauri, shanu suna jiran ruwa, barandamin kuma ya bar shi a gyara masa baki.

Zaman gidan yari a birni ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Mun ɗebi ruwa, mun yi shara, mun yanki ciyawa, an ci an ƙoshi wata rana, wata rana ba a ƙoshi ba. Abin da ya fi cina shi ne fushi. Ruwa ya sauka ina ciki. Wani ɗan garinmu da ya kawo kaya birni ya aiko mini cewa Dije ta sauka lafiya, mace, ita ce babbar yayarku, an yi suna ba ni. Ya kuma ce garin ya rabu biyu a kan Baba. Wasu sun ce mutumin Allah ne, wasu sun ce wanda ya miƙa ɗansa wa zai bari, har suka ɗauke aikinsu suka kai wa wani maƙeri. Inna kuwa tana ajiye masa tuwo ta juya, ba ta ce masa ci kanka. Da na ji haka, Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Na yi ta shirya maganganun da zan gaya masa in na fito. Ban taɓa tsayawa na ce ai ni na sari itacen ba, ni na yi ƙarya, ni na yi shiru a zaure na bar tsoho ya ɗauki kayan da ni ya kamata in ɗauka.

Na dawo gida gero ya nuna, ana shirin girbi. Na iske Baba a ƙofar maƙera, ya rame, ya ƙara tsufa. Na gaishe shi a tsaye, gaisuwar da ba a yi wa uba, na wuce. Na ga jaririya, na ga Inna ta yi kukanta. Washegari da safe na ce wa Dije bari in je in ga abin da ciyawa ta bar mini a gona, don na riga na sallama noman bana. Ta goya yarinya ta ce za ta raka ni.

Da muka isa sai na tsaya na ce mun ɓata hanya. Gero ne tsaye ya fi ni tsawo, zangarniya ta cika ta sunkuya, ƙarƙashinsa fes, an yi noman fari, an yi maimai, har wake an zuba a tsakani. Na ce wa ya yi wannan, Sambo? Ta ce Sambo ya kawo shanu sun kwana a gonar kafin shuka, ya kuma kawo karsana kyauta Baba ya mayar masa. Amma noma, Baba ne shi kaɗai. Baba Ƙarami ya so a yi gayya, ya hana, ya ce shi ya cire mai gonar daga gonarsa, shi zai tsaya a madadinsa. Kullum daga sallar asuba yana nan har rana ta take, sa'an nan ya koma maƙera. Sau biyu ana ɗauko shi bayansa ya riƙe.

“To tashi gonar hwa?” na ce.

Ta nuna mini da haɓa. Gonar Baba tana bayan tawa, ita ce babba, ita ke ciyar da gidan. Na ratsa gerona na fita ta ɗaya gefen. Ciyawa ce har ƙirji. An yi shuka, ana ganin 'yan karare sirara nan da can sun yi rawaya, amma kalme bai taɓa shiga ba. Ko dami biyar ba za a ɗaure a ciki ba. Mutum ɗaya ba ya noma gona biyu, ya zaɓi ɗaya. Na zauna a kan kunya na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka sa mini igiya, Dije tana tsaye ba ta hana ni ba.

Daga nan ban bi ta gida ba, maƙera na nufa. Yana zaune yana wasa bakin lauje. Na cire takalmi tun daga nesa, na zo na durƙusa har ƙasa. Duk maganganun da na tara wata huɗu na neme su na rasa, neman gafarar ma ya ƙi fita. Abin da ya zo bakina kawai shi ne:

“Baba, na ga gonarka. Mi za ku ci bana?”

Ya ci gaba da wasa laujensa, ya gwada kaifin a farcensa, sa'an nan ya ɗago ya dube ni.

“Abin da kab ba mu,” ya ce.